Na Wajen Gali

Lawan ya mari heluma Muntari, shugaban leburori, a bakin injin matsar gyaɗa, da rana tsaka, a gaban leburori. Muntari ya faɗi cikin tarin ɓawo, hularsa ta yi gefe. Kafin la'asar an kori Lawan daga aiki.

A wani kamfanin man gyaɗa ne da ke Bompai, shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki. Malam Inuwa yana rumfar ɗinkin buhu aka zo aka gaya masa. Bai ajiye basilla ba. Ya ƙarasa bakin buhun da ke gabansa, ya ƙulle, ya yanke igiya, ya jawo wani.

Shi ya haifi Lawan. Ɗansa ne na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a ambatonsa. Shi ma Inuwa haka aka yi masa. Ubansa ya mutu bai kira shi ba ko sau ɗaya, kuma bai ga abin da hakan ya rage shi da shi ba. Da aka yaye yaron, ya miƙa shi ga ƙanensa Gali, mai sayar da turare a Kasuwar Kurmi, wanda Allah bai ba haihuwa ba. Tun daga ranar, in magana ta kama dole, sai ya ce "na wajen Gali".

Yaro ya girma a birni, ya yi aure, turare bai riƙe gida biyu ba, ya zo ɗaukar buhu a Bompai. Kullum da safe ya durƙusa daga bakin rumfa ya yi gaisuwa. Inuwa ya amsa wa buhu.

Inuwa manomi ne kafin a gina kamfanin a kan rabin gonar ubansa, kuma abin da ya sani game da ɗan Adam a gona ya koyo shi. Mutum iri ne. In irin gyaɗa lalatacce ne, ko a gonar wa ka zuba shi, lalatacce zai fito. Reno da makaranta da duka, duk taki ne, ba sa canza iri. Da wannan ma'auni ya auna yaron tun da daɗewa, ya gama da shi. Yaro mai yawan murmushi, mai shafa turare ya zo ɗaukar buhu, wanda za a taka masa ƙafa ya ce yi haƙuri. Wannan ba irin gidansu ba ne. Dangin uwarsa Kulu ya ɗebo, mutanen Panshekara, masu dariya a gidan makoki.

To ga shi yau ya mari heluma.

Da aka busa jiniyar tashi, Inuwa ya bi ta bayan sito zai fita, ya tarar da leburori sun yi da'ira suna yanka maganar. Sule mai zuba wa inji mai yana cewa ƙarar injin ce. Ya ce duk wanda ya shekara a bakin abin nan kansa sai ya ɗau zafi, ko da tunkiya ce.

Bala, wani tsohon lebura mai ido ɗaya, ya ce, "Wace ƙara? Kai shekararka nawa a ƙarƙashinsa, matarka ma ba ka iya yi wa tsawa. Jini ne. Ba ku nan shekarar da aka zo auna gonar nan. Yaron Baturen safiyo ya taka wa Malam Inuwa shuka, wallahi marin da ya sha sai da ya zauna. Irin wannan hannun ne, har yadda ya ɗaga shi."

Suka hango shi, suka yi tsit. Inuwa ya wuce ta tsakiyarsu bai dubi kowa ba. Mutanen da ba su san ranar da aka haife su ba, su ne za su zauna suna rabon jini.

Ran Lahadi da hantsi Gali ya zo gidan Inuwa a Hotoro, da matarsa Indo a baya. Tun kafin ya yi sallama ƙamshi ya riga shi shiga zaure. Indo ta gaisa ta tsugunna daga bakin ƙofar cikin gida, inda za ta ji kowa, kowa ya ji ta.

Gali ya ce, "Yaya, ka ji abin da ya faru."

"Na ji an yi dambe."

"Ba dambe ba ne. Ka san abin da Muntari ya ce masa? Ya ce, je ka gaya wa tsohon jakin nan ya yi sauri, wanda ya rasa gona ya dawo yana ɗinke buhun wasu a kanta. Kai ya zaga, Yaya. Don kai ya yi."

Inuwa ya dubi tafin hannunsa. "Wa ya aike shi? Ni ba ni da hannu?"

Gali ya gyara zama. Ya ce ya je wajen wani malami a Madabo an buga masa hisabi. Malamin ya ce mutane huɗu ne a duniya: na wuta, na iska, na ruwa, na ƙasa. Yaron na wuta ne, tauraronsa mai zafi ne, daɗewa kawai ya yi a rufe. An ba shi rubutu zai sha.

"Da can da yake murmushi kamar amarya, tauraron yana ina?"

"Ya ce a rufe yake."

"Da ka kai masa labarin sata, da ya ce na iska ne."

Indo ta sa baki daga inda take. "Ni dai Malam, ku gafarce ni, abin da na sani hali a nono ake shansa. Ni da haƙora aka kawo mini shi. Abin da ya sha, ya riga ya sha."

Daga cikin gida aka ji daka ya tsaya. Kulu ce ke daka. Uwa ba ta kare ɗan fari da baki. Can sai taɓarya ta ci gaba, da ƙarfi fiye da dā.

Inuwa ya ce, "Ku kuka lalata shi. Kun rene shi kamar mage. Yaro ya kai aure ana ɓare masa rake."

Gali ya ɗaga kai. Tsoron yayansa yake ji tun suna yara, amma ɗan kasuwa ne, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. "Yaya, ai kai ke cewa reno taki ne. In iri ne, naka ne. In reno ne, kai ka zaɓi mai renon. Wanne za mu ɗauka?"

Inuwa ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da aikinsa ɗiga wa ƙatti ruwa a bayan hannu su shinshina, shi ne yau yake kafa masa tarko a zaurensa.

"Faɗi abin da ya kawo ka."

Abin da ya kawo shi ke nan. Ya je kamfani jiya ya roƙa, aka ce ba a san shi ba. Akwai wani sabon jami'in ma'aikata, Malam Abdulwahid, shi manaja, wani Bature, ya bar wa maganar. Ya ce za a iya mai da yaron, amma sai uban da ya haife shi ya zo ya tsaya masa. Manaja ya san Inuwa tun ana haƙa harsashin ginin, maganarsa za ta shiga.

"Kuma matarsa Rahamatu ta kusa haihuwa," in ji Indo. "Wata ya kama. In babu aikin nan ban san abin da za su ci ba."

Inuwa bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Suka yi sallama suka tafi, suka bar masa ƙamshi a tabarma.

Da azahar Kulu ta kawo tuwo ta ajiye. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana gyara bakin zanenta, tana kallon bango.

"An ce akwai masu jiran haihuwa a birni."

"An ce."

"Mai jego dai sai da itace da nama."

"Kulu, miyar nan ba gishiri."

Ta ɗauki tire ta koma ciki.

Washegari jami'in da kansa ya zo rumfar buhu. Saurayi ne siriri, da farar riga 'yar shara da alƙalami a aljihu, ɗan wani gidan malamai a cikin birni. An tura shi kwas Ingila ya dawo, tun daga nan yake tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa takalmi. Ya gaida Inuwa da ladabi, ya nemi wurin zama, ya rasa, ya ɗosana a kan buhu.

"Baba, maganar Lawan ce."

Inuwa ya zura igiya a basilla.

"Na yi magana da shi mai tsawo. Ba mugun yaro ba ne. Abin da muka karanta, Baba, shi ne ba a haifar mutum da hali. Jariri kamar ɗanyen yumɓu yake. Hannun da ya taɓa shi a shekarunsa na farko, shi ke ba shi siffa. Yaron da ubansa bai ɗauke shi ba, bai kira shi ba, akwai wani rami da yake zama a zuciyarsa. Yana girma yana haɗiye fushi, wata rana sai ya fashe. Marin nan ba Muntari aka mara ba."

"Muntari dai ya ce shi aka mara."

Masu ɗinki biyu da ke gefe suka sunkuyar da kai. Abdulwahid ya yi murmushin haƙuri, irin wanda ake yi wa kurma.

"Ina nufin ciwon ya daɗe. In na mai da shi aiki ban yi maganin ciwon ba, gobe wani zai mara. Shi ya sa na ce ku zo ofis, a gaban manaja, a gabansa, ku ce wannan ɗana ne, ku kira sunansa, ku ce kun tsaya masa. Ya ji da kunnensa. Shi ke nan, ya koma bakin aikinsa."

"Kai ɗan Kano ne?"

"Haihuwar Kano, Baba."

"Ka san abin da kake nema?"

"Na sani. Kunya ce. Amma ba aya ba ce, ba hadisi ba. Al'ada ce, kuma tana cutar yara."

"Kai na nawa ne a gidanku?"

"Ni ne auta."

"Na gani," in ji Inuwa, ya soka basilla.

Jami'in ya tashi yana kakkaɓe bayan rigarsa. Ya ce gobe da safe manaja yana ofis, bayan gobe kuma za a ba wani gurbin, don masu neman aiki suna nan jibge a bakin ƙofa.

Inuwa ya yini yana ɗinki yana juya abin. Yumɓu. An tura yaro ƙetaren teku, ya sha sanyi, ya dawo da labarin maginan tukwane. Shi Inuwa wa ya ɗauke shi? Wa ya kira shi? Ramin yana ina? Ya yi noma, ya riƙe gida, ya binne iyayensa, bai taɓa zuwa aiki bayan jiniya ba. In rashin kira yana haƙa rami, da rabin mazan Kano a rami suke tafiya.

Amma maganar Bala mai ido ɗaya ta ƙi barinsa. Har yadda ya ɗaga shi. In haka ne, to shekara da shekaru yana auna yaron ba daidai ba, yana jingina wa mutanen Panshekara abin da ba nasu ba. Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Kuma ko hannun nasa ne, hankalin ba nasa ba ne. Shi da ya mari yaron safiyo ba shi da mata mai ciki, kuma gonarsa yake karewa. Wannan kuwa ya zubar da abincin iyalinsa saboda bakin Muntari, mutumin da ya zama heluma don ya iya ce wa Bature "yasa" da sauri.

Duk da haka da safe ya sa wankakkiyar riga. Kulu ta gani, ta miƙo masa hula.

Ofishin manaja yana sama da sito, ana hawa da matakalar katako. Inuwa bai taɓa hawa ba. Ya cire takalmi a ƙofa. A ciki akwai fanka tana juyawa a sama, da Baturen a bayan tebur, jajir, yana goge wuya da hankici. Abdulwahid yana tsaye gefensa. Muntari yana kan benci, ya karkata kunci wajen haske don a gani, ko da yake kumburin ya saɓe. Gali ya raɓe a lungu, an bar shi ya shigo albarkacin naci. Lawan yana tsugune kusa da ƙofa, kansa a ƙasa.

Baturen ya ce, "Sannu, Inuwa. Lafiya?" Iyakar Hausarsa ke nan, sai "maza-maza".

"Lafiya lau."

Aka nuna masa kujera, ya ƙi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya dubi bango sama da kan Baturen.

"Na zo kan maganar na wajen Gali. Ba ɓarawo ba ne, ba rago ba ne. Abin da ya yi wauta ce. Ba zai sake ba. In ya sake, a kore mu tare. Na tsaya masa."

Gali ya sauke numfashi har aka ji. A rayuwarsa bai taɓa jin yayansa ya yi doguwar magana haka a kan yaron ba. Abdulwahid ya juya wa Baturen da Turanci, Baturen ya gyaɗa kai, ya kai hannu zai ɗauki hularsa, alamar an gama.

Abdulwahid ya ɗaga hannu. Ya yi wa Baturen wata magana, Baturen ya ɗaga kafaɗa ya koma ya zauna.

"Madalla, Baba. Saura kaɗan. Wa kuka tsaya wa?"

"Ka ji ni."

"Na ji kun ce na wajen Gali. Malam Gali ba ma'aikacinmu ba ne. Wane ne wannan da ke tsugune?"

"Kowa a ɗakin nan ya san shi."

"Shi nake so ya ji."

Muntari ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ranka ya daɗe, wahalar da kanka kake. Ai shi ya sa yaron ya zama abin da ya zama. Ɗan da aka yar."

Lawan ya ɗago kai. Ya dubi Muntari kawai. Muntari ya matsa can ƙarshen benci.

Inuwa ya ga kallon. Bai yi niyya ba, idonsa ne ya sauka. Rabon da ya dubi fuskar yaron sosai tun ana goya shi. Babu murmushi a cikinta yau. Jijiya ta tashi a gefen goshi, muƙamuƙi ya ɗaure. Ya san fuskar. Ya ɗauke ido da sauri, kamar ya leƙa ɗakin da bai kamata ba.

Gali ya matso yana murza hannu. "Malam Abdulwahid, don girman Allah. Ai ya tsaya masa. A wajenmu wannan da ya faɗa ya fi kiran suna. Ni na rene shi, ni zan kira maka shi har gobe. Lawan, Lawan, ga shi nan."

"Ba naka yake bukata ba, Malam Gali. Naka ya ji ya ƙoshi."

Sai Lawan ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana kallon takalmin jami'in. "Ranka ya daɗe, a bar maganar nan. Ni ban ce ina bukata ba. Kai ka tambaye ni ko ya taɓa kirana, na ce a'a, ka rubuta. Ban kawo ƙara ba. In aikin ne sai an yi haka, a ba wani."

"Kun ji ko?" Abdulwahid ya juya ga Inuwa, idonsa yana ƙyalli kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. "Kun ji yadda ya saba haɗiyewa? Wannan shi ne ciwon da nake faɗa."

Inuwa ya dube shi daga hula har takalmi. Yaro ya yi magana irin ta maza, karo na farko a rayuwarsa, wannan kuma ya ce ciwo ne. An tara Bature da heluma da mai turare, an kunna fanka, don a ga tsoho ya tuɓe a tsakar ɗaki, a rubuta a ce magani ya ci. Ya tuna Rahamatu, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido a gabansa ba. Ya tuna Kulu da bangonta. Sunan yana nan a bakinsa, gajere ne, shi da kansa ya zaɓe shi, ya aika wa liman ranar suna ta bakin Gali. Ya ji nauyinsa a kan harshe.

Baturen ya dubi agogon hannunsa ya ce wani abu.

"Manaja yana da aiki, Baba," in ji Abdulwahid a hankali. "Kalma ɗaya ce. Ku faɗa, ya sauka ya ɗauki buhunsa yanzun nan. In ba haka ba, ba ni da abin da zan yi masa."

Gali ya ce, "Yaya."

Inuwa ya gyara hularsa.

"Ba zan faɗa ba."